Janareta Mai Lamba 0417

Lahadi, 9 ga Mayu 1999, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta abin da na gani tun bai canja a kaina ba.

Jiya na bar ƙyallaye huɗu a shanye a bayan kamfani, na taya sababbin shugabanni murna, fentinsu bai bushe ba. Da aka fito sallar Asuba na ga hadari ta gabas, na ce gara in je in kwashe. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni a ƙafa na tafi, 'yan acaɓa duk suna layin mai. Shida da rabi ba ta cika ba na isa.

Babbar ƙofa a buɗe take. Ran Lahadi ba a buɗe ta. Wata mota mai ɗaga kaya ta ja da baya har bakin ɗakin janareta, da mutum biyar waɗanda ban taɓa gani ba. Sun riga sun ɗora sabon janaretan, shuɗin nan, sun ɗaure shi da sarƙa. Ba zan rikita shi da wani ba, ni na rubuta masa lamba shekara biyu da suka wuce, 0417. Ina tsaye suka jawo tsohon da ke yashe a gindin darbejiya, wanda kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa, suka tura shi cikin ɗakin.

Manajanmu Alhaji Kabiru yana nan da jallabiya da silifa, makullai a hannunsa. Ya gan ni. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai kuma me ya kawo ka?"

Na ce, "Ƙyallaye, Yallaɓai."

Ya ce, "To kwashi ƙyallayenka."

Na kwasa. Ruwan ma bai zo ba.

Ba zan rubuta wanda ya buɗe ƙofar ba.

Litinin, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Ko da wani zai tsinci littafin nan, sunana Inuwa, ni ne mai fenti a kamfanin ɗab'i da ke bayan kasuwar Tarauni. A aji huɗu na tsaya, saboda haka a yi haƙuri da rubutun.

Dokar kamfani ce duk abin da kuɗinsa ya wuce naira dubu biyu sai an ba shi lamba, kujera ce ko fanka ko inji. Kehinde, ƙaramin akanta, shi ke riƙe da katin kowane kaya. Ni kuma in rubuta lambar a jikin kayan da farin fenti, a ƙasanta in sa kwanan wata da ƙananan lambobi, sannan in sa hannu a kati. Shekara shida ina wannan. Ma'aikata Mai Lamba suke ce mini.

Yau Manaja ya tara mu ya ce janareta ya lalace, duk ranar da aka ɗauke wuta sai dai a zauna. Kuma Kanar, mai rabin kamfanin, zai sayar da rabonsa, tunda kakin ya kusa komawa bariki. Masu saye za su turo odita ran ashirin da huɗu ya ƙirga komai.

Na dubi bakin ƙofa, mutumin da ke wurin yana ta jan carbi.

Talata, 11 ga Mayu, la'asar sakaliya

Manaja ya kira ni ofis. Ya ce in zauna, na ƙi, ya ce zauna mana.

"Inuwa, lambar janareta ta goge. Ka je ka sabunta ta kafin baƙin nan su zo. 0417."

Na ce, "Yallaɓai, wanda ke ɗakin ai 0052 ne."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ni da kai wa ya fi sanin kayan kamfanin nan?"

Na ce shi.

Ya miƙo mini bauca, takardar da ake sa wa hannu a karɓi kuɗi a sef. An rubuta kuɗin fenti, naira dubu uku. Gwangwanin farin fenti ɗari biyu ne, kuma ina da rabi a sito. Na faɗa masa haka. Ya ce ragowar in sha ruwa, zafi ake yi.

Na sa hannu. Na je na kankare tsatsa, na shafe 0052 da baƙi, na jira ya sha iska, na rubuta 0417. Na yi aikin yadda na saba yinsa, ban rage komai ba.

Kuɗin suna cikin safa a ƙasan akwati.

Laraba, 12 ga Mayu, da safe

Ban yi barci ba.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Babu wuta, kowa na zaune. Na sami Kehinde shi kaɗai yana fifita da fayil. Haifaffen Unguwar Gano ne, Hausarsa ta fi tawa, ni ɗan ƙauye.

Na ce, "Akanta, tsohon janaretan nan nawa yake a littafinku?"

Ya ce, "Naira ɗaya."

Na ɗauka zolaya ce. Ya ce wallahi. Wai kowace shekara suna zaftare kashi ɗaya cikin goma na kuɗin inji a littafi, ko yana aiki ko ba ya yi, don tsufa yake. In ya shekara goma sai a bar masa naira ɗaya, don kada sunansa ya ɓace.

Na ce, "To ni nawa nake?"

Ya ce, "Kai ai ba ka kai dubu biyu ba, shi ya sa ba mu ba ka lamba ba."

Na yi dariya don kada ya gane. Sannan na ce, "Sabon fa?"

Ya ce an saye shi miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, yanzu saura miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da wani abu. Sai ya daina fifitar. Ya ce, "Me ya sa kake tambaya, Mai Lamba?" Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu. "A'a, bar shi. Kada ka faɗa mini. Ni kati kawai na sani. Ka bari talatin ga Yuni ta wuce, sai ka ba ni duk labarin da kake so."

Talatin ga Yuni. Kowa a kamfanin nan ranar yake jira. A watan Janairu aka raba mana wata takarda mai hatimi: duk ma'aikacin da ya kai wannan rana bai bar aiki ba, ba a kuma kore shi ba, yana da damar sayen hannun jari a kan sule biyar kowane ɗaya. Masu sayen kamfani sun ce za su karɓa a naira biyar. Ni dubu ɗaya aka rubuta mini. Waɗanda suka daɗe sun fi haka nesa. Da aka raba mun yi ta godiya. Yanzu na lura tun daga ranar ko an yanke wa mutum albashi ba ya magana.

Miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Na gwada rubuta shi da lambobi, sai da na ƙirga sifilin sau uku.

Lahadi, 16 ga Mayu, bayan Magariba

Inna Ladi, matar Baba Lawan, ta aiko mini tuwo da miyar kuka, har da man shanu. Shekara bakwai ke nan ina shagon gidan Baba Lawan, ban taɓa ba shi ko sisi na haya ba. Abokin mahaifina ne, shi ya ɗauko ni daga Garko, shi ya roƙar mini aiki a kamfanin nan inda yake gadi. Sati guda ke nan muna cin abinci a tabarma ɗaya, muna hirar tsadar mai da wanda za a ba kwamishina. Ba ya kallon fuskata, ni ma ba na kallon tasa.

Alhamis, 20 ga Mayu

Wata mota mai ɗaga kaya ta wuce ni a titin Zariya. Ba ita ba ce. Sai da na zauna a kan dakalin wani mai faci.

Litinin, 24 ga Mayu, ƙarfe biyar

Odita ya zo. Mista Cyprian sunansa, gajere, da tabarau a rataye a wuya da ƙaramar tocila a aljihu. Na zaci a ofis zai zauna ya sha lemo. Ashe kati yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, sai ya je ya taɓa abin da hannunsa. Kujera ma sai ya kifa ta. Manaja ya ce in riƙa binsa ina nuna masa lambobi.

Mista Cyprian ya ce, "Kai ne mai rubutun nan? Hannunka yana da kyau. Wasu wuraren sai ka rantse kaza ce ta taka fenti."

Yau mun gama ofisoshi. Gobe ɗakin inji. Jibi baya, inda janareta yake.

Talata, 25 ga Mayu

Jibi ta zama gobe.

Laraba, 26 ga Mayu, bayan La'asar

Mista Cyprian ya shiga ɗakin janareta, ni ina bakin ƙofa. Ya duba kati, ya duba lamba, ya gyaɗa kai. Har ya juya zai fita. Sai ya dawo ya tsuguna, ya kunna tocila, ya sa tabarau.

"Malam Inuwa, zo ka karanta mini wannan ƙaramin."

Na karanta. 11/5/99.

"A kati an ce ka rubuta lambar a watan Afrilun casa'in da bakwai."

Na ce ta goge ne aka ce in sabunta.

"Wa ya ce?"

Na ce Manaja.

Ya goga yatsa a jikin ƙarfen, tsatsa ta biyo shi. Ya leƙa ƙasa ya zaro gashin kaza. Ya ce, "Shekara biyu kawai, har ya yi wannan tsufan? Lallai ranar Kano da zafi." Bai yi dariya ba.

Tun da na dawo nake tambayar kaina ko mantuwa ce ta sa na sa kwanan watan. Shekara shida hannu yana yin abu ɗaya. Manaja bai ce kada in sa ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, 27 ga Mayu, ƙarfe biyu

An ba ni takarda. Kehinde ne ya karanta mini a bayan sito, murya ƙasa ƙasa. An dakatar da ni. Manaja ya rubuta cewa bai taɓa sa ni sabunta wata lamba ba, kuma bai san an canja janareta ba sai jiya. Wai na zo na ce masa fenti ya ƙare, na karɓi dubu uku, ga baucar da sa hannuna. Wai ina da makullin sito, kuma an sha ganina a kamfani ranar hutu. Kwamiti zai zauna Litinin bakwai ga Yuni, daga nan a miƙa maganar ga 'yan sanda.

Kehinde ya ce, "Dokar sef ta ce duk abin da ya wuce dubu sai an kawo rasit. Ina rasit ɗinka?"

Na ce babu.

Ya ce, "Kai Inuwa." Ya ninke takardar ya sa mini a aljihu da kansa.

Asabar, 29 ga Mayu, da hantsi

Duk unguwa rediyo ɗaya ake ji, ana rantsar da farar hula. Yara suna bin motoci da ganye. Mai shayin bakin layi ya ce daga yau babu mai kama mutum ba dalili. Wani ya ce masa ai dalilin ba ya wuyar samu.

Ɗaya daga cikin ƙyallayena yana rataye a shataletale. Na tsaya na duba, babu harafin da ya karkace.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan Azahar

Mista Cyprian ya aiko a kira ni. A ofishin Kehinde muka zauna, ya rufe ƙofa. Na kai masa dubu ukun a cikin safar, ya ƙirga, ya rubuta mini takarda. Na faɗa masa duk abin da na gani ran Lahadin. Bai katse ni ba.

Ya ce, "Na san mai fenti ba ya ɗaukar janareta a ka. Amma abin da na sani daban, abin da ke kan takarda daban. A takarda fentinka ne, kwanan watanka, baucarka. Shi Manaja babu sunansa ko ɗaya. Littafin bakin ƙofa ma shafin ranar fari fat. Bayan kai wa ya gani?"

Na ninke takardar da ya rubuta mini.

"Kamfani mai katanga da ƙofa ɗaya, mota ta shiga ta fita, kai kaɗai ka gani?"

Na ce ko zai yiwu a ɗaga zaman kwamitin zuwa watan Yuli.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ina jin ya gane. Ya ce shi ran Litinin zai rufe rahotonsa ya koma, abin da bai shiga ba ya wuce. In ya tafi, Manaja ne kwamiti.

Talata, 1 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe

Na je wurin Uwani mai koko. Teburinta a jikin katangar kamfani yake, ko ran Lahadi tana fitowa. Ta zuba mini ba ta tambayi kuɗi ba.

Ta ce, "Na ji abin da suka yi maka. Ni na ga mota, na ga abu shuɗi a kai. Har yaran motar sun sha koko na naira talatin ba su biya ba. In an tambaye ni zan faɗa, me za su yi mini, su kore ni daga bakin kwata? Amma cikin gida ban gani ba, Inuwa. Wanda ya ba da umarni ban gan shi ba. Ka san wanda ya gani."

Na ce na sani.

"To me kake jira, sai sun aske maka kai?"

Laraba, 2 ga Yuni

Wani ya buga ƙofar shago da rana. Almakashin Inna ake nema. Na daɗe kafin in iya tashi.

Alhamis, 3 ga Yuni, bayan Isha'i

Yau na yi wa Baba Lawan magana. Mun gama cin abinci, yara sun shiga ciki.

Na ce, "Baba, ran Litinin ne."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Sun ce shafin ranar babu komai."

Ya ce, "An ce kada in rubuta." Sannan ya ciro wani ɓallen kwalin sukari daga cikin hularsa ya nuna mini daga nesa. Lambar motar ce da lokacin shigarta da fitarta, da ajami. Ya ce shekara ashirin da biyu mota ba ta taɓa wuce shi bai rubuta ba, hannunsa ya ƙi. Ya mayar cikin hula.

Ya ce, "Dokar ƙofa ka san ta. Kaya ya fita babu takardar fita, mai gadi ya tafi a ranar, ko wa ya ba shi umarni. Dubu shida aka rubuta mini, Inuwa. In an cire abin da zan biya, dubu ashirin da bakwai. Ni ba ni da fansho. Ka ga ɗakin Innarka, daminar bara a tsaye muka kwana. Kwana ashirin da bakwai ya rage. Ko sun kai ka can, ai ba kashe ka za su yi ba. Ran ɗaya ga wata ni da kaina zan je in faɗa, in fito da kai."

Na ce, "Odita zai tafi ran Litinin, Baba. Ran ɗaya ga wata wa za ka faɗa wa?"

Ya ce, "Da mahaifinka yana da rai da ya ce ka daure."

Wataƙila da ya ce. Ni ban san shi sosai ba.

Juma'a, 4 ga Yuni

Daurewa ba ta taɓa yi mini wuya ba. Na daure da yunwa, na daure da zagi. Wani ɗan layinmu da aka kai gidan yari kan zargin satar batirin mota, wata goma sha huɗu ke nan ba a ko kira shari'arsa ba. Batir ɗaya.

Asabar, 5 ga Yuni, da yamma

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Na taya Inna Ladi jera kwanonin tarar yoyo a ɗakinta, guda bakwai. Ta ce, "Bana dai in Allah ya yarda ƙarshenta ke nan." Ba ta san komai ba. Ta ce na rame, ko zazzaɓi ne.

Lahadi, 6 ga Yuni, bayan Magariba

Baba ya ci abincinsa a cikin gida. An aiko mini nawa a shago, da nama biyu.

Na haɗa kayana a buhu. Ba su da yawa. Burushi da gwangwanaye ne suka fi nauyi.

Litinin, 7 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Ina zaune a bencin Uwani, buhuna a ƙarƙashi. Makullin shago na bar shi a jikin ƙofa. Da na fito Inna tana shara, ta ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin.

Ƙarfe tara za su zauna. Mista Cyprian ya ce in kawo maganata a rubuce da sa hannuna, ko da Hausa ce. Na san in na shiga na ga fuskoki bakina zai mutu, shi ya sa zan fara rubutawa a nan, sannan in kwafe.

Daga inda nake ina hango Baba. Ya share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya zauna a kujerarsa. Ya gan ni da biro. Ya ɗaga hannu ya gyara hularsa, bai kira ni ba.

Ni Inuwa mai fenti, ran Lahadi tara ga Mayu da safe na ga an ɗora janareta mai lamba 0417 a mota an fita da shi, Alhaji Kabiru yana tsaye da makullai. Ba ni kaɗai na gani ba. Uwani mai koko ta ga fitar motar. Wanda ya buɗe ƙofa, ya ga komai tun daga farko, ya kuma rubuta lambar motar, shi ne mai gadi, Malam Lawan Garko, wanda ya riƙe ni shekara bakwai a gidansa.